Hannun Dama na Oga Yohanna

Ranar Asabar ɗin da ta wuce jikata Maryam ta kwaso min abokan karatunta har gida nan Barkin Sale, samari da 'yan mata masu koyon aikin gashin ciwon daji. Suka cika min tabarma, suka shanye kunun da aka dama, sannan wani dogo mai tabarau ya gyara zama ya ce, "Kaka, ai aikin namu yanzu ba wuya. Ka kwantar da mutum, ka fita, ka ja ƙofa, ka danna. Inji ne ke yin sauran." Dariya ta kama ni har tari ya sarƙe ni, kafin in dawo daidai mai keken da ya kawo su ya fara yi musu hon a waje. To ga amsarka nan, mai tabarau, na ba Maryam ta kai maka. Wannan fitar da kake faɗa a sauƙaƙe, ni na san mutumin da ya ba da hannunsa na dama don in riƙa yin ta.

Lokacin da na fara aiki, 'yan shekaru bayan Turawa sun miƙa mulki, babu injin gashi a Minna, ko labarinsa ba mu cika ji ba. Abin da muke da shi ɗakin hoto ne, hoton ƙashi, can ƙarshen asibiti inda inuwar mangwaro ke rufe kwanon rufi tun kafin la'asar. Daga baya ne aka tura ni kwas na koma gashi, amma wutar ɗaya ce, ta gashi ta fi ƙarfi ne kawai. Ba a ganinta, ba ta da wari, ba ka jin zafinta lokacin da take shiga jiki. Kuma ba ta da mantuwa. Abin da ka sha yau tana ajiye maka shi, ta haɗa da na gobe.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Inji ɗaya ne mai dogon wuya, in an kunna shi ya yi ta gurnani. Sai tebur na katako, sai kaset, wato falalen akwatin ƙarfe da ake sa fim a ciki a tura ƙarƙashin mara lafiya. A kusurwa akwai bangon dalma mai 'yar tagar gilashi, a bayansa maɓallin yake, kuma wutar ba ta ratsa shi. Rigar dalma ɗaya ce, nauyinta ya kai na ɗan akuya. Safar hannu ta dalma ma akwai, amma ta bushe ta ƙage, in ka sa ta ko moɗa ba ka iya riƙewa, balle yaro mai mutsu-mutsu.

Mai ɗakin shi ne Oga Yohanna, ɗan manoman doya daga wajen Gwada, Kirista, gajere mai faɗin ƙirji. A soja ya koyi aikin, zamanin yaƙin Turawa. Ba shi da yawan magana, kuma in yana tafiya sai ka ce ƙasar yake tausaya wa. Ni kuwa ɗan tela ne, kakana jirgin ƙasa ne ya kawo shi Minna ya zauna, na gama makaranta ina ji da kaina, da farin wando mai guga. Ranar farko ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Habu ko? Wandon nan ka yi masa bankwana." Gaskiya ya faɗa, ruwan wankin hoto ya mai da shi kalar goro kafin a ga wata.

Hoton farko da na ga an wanke na wata mata ne mai sayar da itace, da ta zo da tari ya ƙi ƙarewa. Muka shiga ɗakin duhu, Oga ya ja ƙofa, duniya ta tafi. Babu komai sai 'yar jar fitila can sama, da warin magani mai tsami, da ɗigar famfo. Tankuna uku ne a jere: na fito da hoto, na ɗauraya, na tsayar da shi. Da bazara ruwan farkon kan ɗumama ya ƙone fim, saboda haka Oga ya sa aka gina babbar randa aka zaunar da tankin a cikinta. Agogon ɗakin ya mutu tun kafin zuwana, shi kuwa da waƙar cocinsu yake auna lokaci, a hankali cikin harshensu, in ya kai wani baiti sai ya ɗaga fim ɗin. Ya ɗaga a gaban jar fitilar, na ga haƙarƙarin matar suna fitowa daga cikin baƙi, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai tasowa daga ƙarƙashin ruwa. Ya nuna min ƙashin kafaɗarta guda, ya fi ɗayan kauri, don matan wajensu a kafaɗa suke ɗaukar kaya, ba a ka ba. Can nesa jirgin Baro ya yi kuka, na ji shi kamar a mafarki. Daga ranar na ƙaunaci ɗakin nan, har na kan manta da rana na waje.

Wata yarinya ce ta fara haɗa ni faɗa da Oga. Ba ta fi shekara uku ba, ta haɗiye ɗan kunnen uwarta, aka ɗauko ta daga Wushishi a bayan motar doya. Hoto yana son mutum ya tsaya cik, in ya motsa fim ya lalace, ita kuwa yarinyar tana ganin injin ta fara birgima a tebur. Uwar tana da tsohon ciki, Oga ya ce ko bakin ƙofa kada ta tsaya. Sai na ga ya saka rigar dalma, ya ajiye safar, ya sunkuya zai danne yarinyar da hannunsa.

Ku yaran yanzu ba lalle ku gane ba. Mu an raine mu a kan cewa yaro ba ya tsayawa yana kallo babba na aiki. In ka ga dattijo da buta ka karɓa, in ka gan shi da kaya ka sauke masa, ba sai an ce da kai ba. Ban san lokacin da na zagaya na kama ƙafafun yarinyar ba.

"Oga, kawo in riƙe, kai ka je ka danna."

Bai yi min tsawa ba. Ya saki yarinyar, ya je ya kashe injin, ya jawo kujera ya zauna ya harɗe hannu. Yarinya na kuka, uwa na leƙe daga nesa, ni ina riƙe da ƙafa kamar wawa.

"Oga, lafiya?"

"Lafiya lau. Ina jira ne ka koma bayan bango. In ka ga dama mu kwana a nan."

Na koma, kunya kamar ta kashe ni. Ya sake kunna injin, ya riƙe yarinyar, ya ce in danna, na danna. Da muka wanke fim ɗin, ga ɗan kunnen nan zagayayye fes a cikin cikinta, ya riga ya wuce inda ake tsoro. A gefen hoton kuma, dama da hagu, ga ƙasusuwan wasu manyan yatsu sun rungume 'yan haƙarƙarinta. Na tambaye shi na wane ne, ya ce, "Nawa ne mana. Kullum ina shiga hoto ba a biya ni." Haka tsarin ya zauna a ɗakinmu: shi ke riƙewa, ni ke dannawa.

Garin Minna kuwa ba a ɓoye magana. Wani da ya kawo ɗansa ya je shagon mahaifina ɗinkin riga, ya ce ya ga abin mamaki a asibiti, ƙato na laɓe bayan bango yana leƙe ta taga, tsoho na kokawa da yaro. Washegari da hantsi sai ga mahaifina a ƙofar ɗakin hoto, da tef ɗin awo a wuya, ko hula bai gyara ba. Bai kalle ni ba. Ya gaida Oga, ya ce, "Malam Yohanna, na zo ba ka haƙuri ne. Ba haka na raine shi ba. In ya sake barin ka da aiki, ka doke shi, ni na sa ka."

Oga ya ba shi kujera, ya zauna kusa da shi, ya shimfiɗa hannayensa biyu a kan gwiwa inda haske ke faɗowa. Ni ma ranar na fara kallonsu da kyau. Babu gashi ko ɗaya a bayansu, fatar tana sheƙi, ta yi ɗabbare-ɗabbare, faratan sun yi gurbi-gurbi sun tsattsage.

"Baban Habu, ka ga aikin wutar nan. Lokacin da na koya ba wanda ya gaya mana, da hannunmu muke gwada injin kowace safiya. Ba fata kaɗai take ci ba. Shekarunmu nawa da matata Saratu, ko ɓari ba ta taɓa yi ba, kuma ba daga wajenta ba ne. Ni nawa ya riga ya tafi. Shi wannan ko aure bai yi ba. Kana son jika ko kana son a ce ɗanka yana da ladabi?"

Mahaifina ya daɗe yana kallon hannayen. Sannan ya tashi ya tafi. Bayan kwana biyu ya aiko da 'yan jakunkuna na tamfol cike da yashin kogin Chanchaga, manya da ƙanana, da maɗaurai masu faɗi, duk ɗinkinsa. Sun taimaka ƙwarai, suna tsayar da ƙafa da hannu da kan babban mutum. Amma jakar yashi ba ta lallashin yaro, ba ta ɗaga masa hannu sama a ɗauki ƙirji. Wannan ya rage wa Oga.

Ba wutar kaɗai yake tsare ni da ita ba. In rana ta take, ko layi ya kai ƙofa, sai ya kore ni waje, ya ce wanda ke wuni a duhu dole ya gaida rana. In na idar da azahar sai in tarar Mama Saratu, matarsa, ta aiko da sakwara, ya tsare ni sai na cinye rabona. Yana tambayata ko na yi barci, ko na je kallon ƙwallo, ko akwai yarinyar da nake zuwa zance wurinta. Da na ce akwai wata Hajara, ya yi murna har ya manta fim a tanki.

Sai shekarar wahala ta zo. Abokan aikinmu biyu mutanen Gabas suka tafi da rikici ya tashi, ko sallama ba mu samu yi ba, muka rage daga ni sai Oga. Yaƙin basasa ya biyo baya. Jirgi ya riƙa sauke mana sojoji da karaya da baƙin ƙarfe a cikin nama, wasu zazzaɓi ya juya musu kai, ba su san inda suke ba, kuma ba su da kowa a garin da zai riƙe su. A daminar nan ƙyanda ta shiga yara, tana sauka a ƙirji. Fim kuma ya yi wuya, in akwati ya ƙare ba ka san ranar zuwan wani ba. Da can in hoto ya motsa a sake, yanzu ba halin sakewa, dole na farkon ya fito. Ma'anar wannan ita ce a riƙe da kyau, a riƙe kusa. Oga ya riƙa riƙewa tun safe har yamma, ni ina bayan bango ina kallonsa ta 'yar taga. Duk dannawar da na yi na san hannun wa take ci, kuma raina yana ɓaci da kaina da shi da injin gaba ɗaya.

A tsakiyar wannan ne wani abu ya same ni. Na fito wata la'asar zan tafi gida, na bi ta tasha, sai na ga mutane ba nama a jikinsu. Ba tsoro na ji ba, abin a hankali yake, kamar ina cikin ɗakin duhu. Mai rake na ɗaga adda ina ganin gwiwar hannunsa na juyawa a gurbinta, 'yan mata na tafe da tallan gyaɗa, ƙasusuwan wuyansu a jere ƙarƙashin faranti, har jakin mai ruwa ina ƙirga masa haƙarƙari. Kwana da kwanaki haka. Na je zance wurin Hajara, tana dariya, ni ina kallon muƙamuƙinta. Ban gaya wa kowa ba, amma Oga ya lura na daina taɓa sakwara.

"Ka fara ganinsu, ko?"

Na ce e.

"Ni ma na gansu a soja. Ba hauka ba ne, idonka ne ya gaji. Ranar Asabar za ka raka ni gona."

Muka hau motar kasuwa zuwa Gwada, ya miƙa ni ga 'yan'uwansa, suka ba ni fartanya. Na wuni ina tonon doya, ƙasa mai ɗumi tana shiga farcena, gumi na zuba, matan suna min dariya wai ɗan birni na yanka doya biyu. Hadari ya taso daga bayan duwatsu ya tsaya bai zubo ba. Wata tsohuwa ta gasa min doya ta zuba manja, ta zauna tana kallona ina ci, na ɗaga kai na ga fuskarta da tsagarta da kumatunta, cikakkiyar fuska. A mota muna dawowa Oga ya ce, "In ya dawo ka faɗa min. Aikin nan ba a haɗiye shi."

Hoton wani jariri ne mai ƙyanda ya nuna min abin. Ina ɗakin duhu ni kaɗai, na ɗaga fim a gaban jar fitila, na duba ƙirjin, sannan idona ya tafi gefe wurin yatsun Oga, yadda na saba gaida su. Shekaru ina ganin ƙasusuwan nan, na san su fiye da nawa. Na tsakiya a hannun dama ya canja. Bakinsa ya yi zago-zago, kamar gara ta fara cin itace. Na tuna ya daɗe yana ɗaure yatsan da bandeji, yana cewa ƙaya ce ta gona. Na fito da fim ɗin yana ɗiga, na miƙa masa, na sa yatsa a wurin. Ya kalla, ya ce, "Ƙirjin yaron ya fito da kyau." Na ce ba ƙirji nake nuna masa ba. Ya ce ya sani.

Likita ya kwance bandejin ya ga gyambon, ya ce ciwon daji ne na fata, ya fara taɓa ƙashi. Ya ce a tafi Ikko yanzu, can ne ake da injin gashi, in an yi sauri yatsa ɗaya za a cire a gasa wurin, hannu ya tsira. Oga ya yi godiya, ya dawo ɗakin hoto ya saka rigar dalma.

Na tare ƙofa. "Oga, jirgin Ikko gobe ne."

"Na san ranar jirgi. In na tafi wa zai riƙe?"

"Za a turo wani."

"In an turo shi sai in tafi."

Na ce zan rantse masa da Alƙur'ani ba zan riƙe kowa ba. Ya girgiza kai. "Kada ka ɗauki rantsuwar da za ta kama ka. Na san ka, Habu. Uwa za ta durƙusa tana kuka, fim saura ɗaya, za ka ce yau kaɗai. Gobe ma yau kaɗai. Tarbiyyar gidanku ta yi yawa, ita za ta cinye ka." Na yi fushi, na ce to ni ma na daina dannawa. Ya nuna min layin da ke baranda, sojoji a kan gadon ɗauka, mata da yara a cinya. Na koma bayan bango. Aka rubuta neman ma'aikaci, yaƙi ya haɗiye takardar, damina ta wuce, gyambon ya haura zuwa bayan hannu. Ya koma riƙo da hagu yana tallafawa da damtsen dama.

Ni ban roƙi mahaifina komai ba, na dai gaya masa halin da ake ciki muna cin tuwo. Ya wanke hannu ya fita. Da safe ina share ɗakin hoto na ji sallama, na leƙa, sai ga shi da mutanen da ke zama a ƙofar shagonsa: tsofaffin ma'aikatan reluwe da suka yi ritaya, wani ladan, wani tsohon mahauci, har da dattawa biyu daga cocin su Oga waɗanda Mama Saratu ta kira. Kowa da buzunsa ko 'yar kujerarsa. Mahaifina ya ce, "Malam Yohanna, ka ce wutar nan tarawa take yi. To in an raba ta ga mutum da yawa fa, kowa ya ɗan taɓa sau ɗaya ya huta? Mu mun haifi namu, mun aurar. Ka nuna mana yadda ake riƙon."

Oga ya je ya shawarci likita, likita ya ce in da riga, kuma ba mutum ɗaya kullum ba, hakan ya fi abin da ake yi nesa ba kusa ba. Oga ya koya musu yadda ake ɗaga hannun yaro, da inda ake ajiye yatsu don kada su shiga tsakiyar wutar. Ya sa mahaifina ya farke safar dalmar ya sake ɗinka ta a kan fata mai laushi. Har yau in na rufe ido ina ganinsu a gindin mangwaro, suna cin goro suna gardamar jiragen da, in na leƙo na ce saura wa, sai wani ya miƙe yana gyara riga kamar an kira shi ɗaurin aure. Tsohon mahaucin nan ya fi kowa iya yara, ko me yake raɗa musu oho. Ranar da mahaifina ya fara saka rigar dalma ya sunkuya kan wani soja, ni ɗansa ina laɓe a bayan bango, sai na tsaya ban danna maɓallin ba. Ya ɗago ya harare ni ta taga ya ce, "Danna mana, bayana ya fara ciwo."

Sai da Oga ya ga abin ya zauna da gindinsa sannan ya yarda ya hau jirgi. Muka raka shi tasha, Mama Saratu na riƙe da ƙunshin gari. Ya daɗe a can. Labari ya riƙa zuwa a bakin ma'aikatan jirgi, yau a ce an yi aiki, gobe a ce ana gashi. Na yi aure ba ya nan, yaƙi ya ƙare ba ya nan. Da ya dawo, hannun rigarsa na dama a naɗe yake an soke shi da fil a ƙasan gwiwar hannu. Likitocin can sun ce da ya zo lokacin da aka ce ya zo, da yatsa ɗaya ne. Bai koma aiki ba, ya tafi Gwada ya zauna cikin 'yan'uwansa.

Saboda haka, mai tabarau, in babbanku ya ce ka fita, ka fita. In ya kore ka cin abinci, ka je ka ci. In aikin ya fara bin ka gida, ka sami wanda ya riga ka ka faɗa masa. In kuma ka girma aka ba ka yara, ka riƙa duba fuskarsu kafin ka duba aikinsu, kuma kada ka yi irin ta Oga ka ɗauka kai kaɗai, ka nemi mutane tun da wuri.

Da Hajara ta haihu, namiji, wanda shi ne uban Maryam ɗin nan, na aika Gwada. Ranar suna da sassafe sai ga Oga da Mama Saratu, da doya a buhu. Bayan an yi addu'a an raba goro, mahaifina ya sa aka fito da jaririn daga cikin gida, ya ce a fara kai wa Malam Yohanna. Wata gwaggona ta miƙa masa shi a cikin zane. Oga ya ɗago hannun hagu, guntun na dama ma ya ɗago da kansa a cikin riga, sannan ya tsaya. Ya duba jaririn, ya duba hannun, ya waiwayo yana nemana a cikin mutane.

"Habu, zo ka riƙe min shi."

Na durƙusa a gabansa na tallafe yaron a kan gwiwarsa. Ya sa babban yatsansa na hagu ya buɗe ɗan dunƙulallen hannun a hankali, ya bi yatsun ɗaya bayan ɗaya har farcensu, ya juya ya duba bayan, ya kama ɗaya hannun ma ya duba. Yaron ya damƙe masa yatsa ya ƙi saki. Mama Saratu ta ja gyale ta rufe fuska.

"Duk sun cika," in ji Oga.